Daga Hannun Maɗori zuwa Allurar Kashe Jijiya

Tun kafin a kafa asibitin ƙashi na Dala a 1959, mutanen cikin birnin Kano suna da masu gyaran ƙashinsu. Maɗori zai ja ƙafa, ya shafa magani, ya jera karare ya ɗaure, ƙarti biyu ko uku na danne da mai karaya. Maganin zafi a wurin shi ne dauriya da addu'a. Sai dai ƙashin kwatangwalo yana binne can cikin tsoka, kara ba ya kai masa, shi ya sa tsoho da yawa in ya zame a banɗaki, kwanciyar ke nan har rai ya yi halinsa.

A ƙasashen Turawa ma, da aka fara sa majiyyaci barci don tiyata a Boston a 1846, zafin cikin aiki kaɗai aka magance. In mutum ya farfaɗo, raɗaɗi na nan yana jiransa.

Dabarar kashe sashen jiki ɗaya ta faro ne a 1884, lokacin da Carl Koller ya ɗiga ruwan hodar ibilis a ido a Vienna, ya ga ido ya daina jin taɓi. A 1898 August Bier na Jamus ya zuba maganin cikin ruwan da ke kewaye da laka, rabin jiki na ƙasa ya mutu mutum yana farke. Ita ce allurar baya da matan Kano suka sani a ɗakin fiɗar haihuwa, kuma da ita ake yawan aikin kwatangwalo a Najeriya. Amma cikin 'yan sa'o'i take sakin mutum.

Bayan John Charnley ya daidaita aikin sauya gaɓar kwatangwalo a Ingila wajen 1962, sai tambaya ta koma kan daren farko bayan tiyata. Alon Winnie a 1973, da Bernard Dalens na Faransa a 1989, suka nuna cewa in an zuba magani daidai inda cinya ta haɗu da mara, zai malala ya rufe jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Na'urar hoton ciki ta shigo aikin a shekarun 1990, likita ya riƙa kallon bakin allurarsa tana tunkarar jijiya. A 2018 likitoci a Toronto suka fito da salon PENG, mai neman kashe zafin gaɓa ba tare da raunana tsokar cinya ba.

Ina ganin Kano ta fi wurare da dama buƙatar wannan allura. Ba tsofaffi kaɗai ake wa aikin ba. Akwai matasa masu sikila waɗanda kan ƙashin cinyarsu ya mutu don ƙarancin jini, wasunsu sun shekara suna shan allurar pentazocine har jiki ya saba. Kuma gari ne da ya ga ɓarnar tramadol da kodin. Allurar da ke rage buƙatar waɗannan ƙwayoyi, ta sa dattijo ya tashi zaune washegari ya dafa sanda, tana rage masa haɗarin ciwon huhu, da daskarewar jini a ƙafa, da gyambon kwanciya.

Cikas ɗin su ne ƙarancin likitocin sa barci da tsadar na'ura. Akwai kuma halinmu: ka tambayi dattijuwa jiki, tana cije leɓe gumi na karyo mata, ta ce maka “da sauƙi”. Mai jinya ne ya kamata ya tambayi likita, tun kafin a shiga ɗakin tiyata, wane tanadi aka yi wa zafin da zai biyo baya.