Shada (Doctor Who)

Shada labari ne mai kashi shida na shirin talabijin na almarar kimiyya Doctor Who, wanda BBC ta fara ɗauka a 1979 amma ba ta kammala ba a lokacin. Douglas Adams ne ya rubuta shi, Pennant Roberts ya ba da umarni, Graham Williams kuma shi ne furodusa. An tsara shi ne domin ya rufe zango na 17 a farkon 1980, Tom Baker yana fitowa a matsayin Doctor, Lalla Ward kuma a matsayin Romana.

An ɗauki fitowar waje a birnin Cambridge na Ingila a watan Oktoba 1979, aka kuma kammala zama ɗaya daga cikin uku da aka shirya a ɗakin ɗaukar shiri. Daga nan ma'aikatan fasaha na BBC suka shiga yajin aiki, aikin ya tsaya cak. Da aka janye yajin, sai aka ba shirye-shiryen Kirsimeti ɗakunan. Sabon furodusa, John Nathan-Turner, ya yi ƙoƙarin farfaɗo da aikin, amma aka soke shi a 1980.

A 1983 an sa wani yanki na Shada, inda Doctor da Romana suke cikin kwale-kwale a kogin Cam, a cikin wani labarin Doctor Who mai suna The Five Doctors, saboda Baker ya ƙi fitowa a cikinsa. An fitar da Shada a kaset ɗin bidiyo a 1992, Baker yana ba da labarin wuraren da ba a ɗauka ba. A 2017 aka cike giɓin da zane mai motsi da muryoyin 'yan wasan asali.