Battling Siki: Zakaran da Nasararsa Ta Zame Masa Kaya

An haifi Louis Mbarick Fall a birnin Saint-Louis na ƙasar Senegal a shekarar 1897. Tun yana yaro aka kai shi Faransa, inda ya fara damben Turawa da sunan Battling Siki. Da yaƙin duniya na farko ya ɓarke, ya shiga sojan Faransa, har ya samu lambobin yabo saboda jarumtakarsa.

Ranar 24 ga Satumba 1922, a kusa da Paris, ya kara da Georges Carpentier, gwarzon da Faransawa ke tutiya da shi. A zagaye na shida Siki ya kai shi ƙasa. Alƙalin wasa ya so ya hana shi nasarar da zargin ya sa ƙafa, amma ƴan kallo suka tada ƙayar baya, dole aka ba shi kambun duniya. Daga baya Siki ya faɗa cewa an riga an shirya shi ne zai faɗi, shi kuwa ya ƙi.

Daga nan rayuwarsa ta fara lalacewa. Ya dulmuya cikin shaye-shaye da almubazzaranci, yana yawo a titunan Paris da zaki a ɗaure, yana faɗa a mashaya. Ya bar matarsa ƴar Holan da ɗansu, ya sake aure a Amurka. Waɗannan laifuffukansa ne, ba mai wanke shi. Sai dai jaridun zamanin ba su kalle shi a matsayin mutumin da ke cikin damuwa ba: suna kwatanta shi da biri, suna kiransa ɗan daji, alhali a birni aka haife shi. Da hukumar dambe ta dakatar da shi, Blaise Diagne, wakilin Senegal, ya kare shi a majalisar dokokin Faransa.

Ranar 17 ga Maris 1923 ya rasa kambunsa a Dublin a hannun Mike McTigue. Ranar 15 ga Disamba 1925 aka tsinci gawarsa a wani titin New York, an harbe shi ta baya, yana da shekara 28. Ba a taɓa hukunta kowa ba. Sai a 1993 aka maido da ƙasusuwansa Saint-Louis, aka binne shi cikin danginsa.