Mayar da filin kiwo gandun katako: tsadarsa da zaɓin da ke akwai, bisa abin da ya faru a Urugwai

Duk lokacin da gwamnati ko kamfani ya tashi dasa itatuwan katako masu yawa, filin kiwo ne ake fara kai wa ido, saboda babu shuka ko gini a kansa, kuma ya fi ƙasar noma araha. Urugwai, wata ƙaramar ƙasa a Kudancin Amurka tsakanin Birazil da Ajantina, tana cikin ƙasashen da suka yi nisa a wannan hanya. Mutanenta kusan miliyan 3 da rabi ne, shanunta kuwa sun haura miliyan 11, kuma mafi yawan ƙasar fili ne na ciyawa. Abin da ta gani cikin shekara fiye da 35 ya nuna cewa kuɗin dashe shi ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. Babbar tsadar tana cikin shekarun jira, da kiwon da aka rasa, da ruwa, da wahalar komawa baya.

Yadda aka fara

A watan Disamba na 1987 Urugwai ta kafa dokar gandun daji mai lamba 15.939. An ware wasu yankuna da ƙasarsu ba ta da ƙarfi sosai ga noma da kiwo, aka ce a nan ne dashen itatuwa zai sami fifiko. Wanda ya dasa a irin wannan wuri ana yafe masa wasu haraji, kuma gwamnati na mayar masa da wani kaso na kuɗin da ya kashe. An dakatar da wannan tallafi a 2005, amma a lokacin aikin ya riga ya kankama. Gandun da aka dasa ya ƙaru har ya kai fiye da hekta miliyan 1, akasarinsa itacen turare, sauran kuma itacen da ake kira pin da Faransanci.

Itatuwan suka jawo masana'antun ƙullun takarda, wato itacen da ake dagargazawa a dafa kafin a yi takarda da shi. Ta farko ta buɗe a Fray Bentos a 2007, kuma yanzu tana hannun kamfanin UPM na ƙasar Finlan. Ta biyu, Montes del Plata, ta fara aiki a 2014. Ta uku, ita ma ta UPM, ta buɗe kusa da Paso de los Toros a 2023, da ƙarfin fitar da tan miliyan 2.1 a shekara. A 2024 ƙullun takarda ya sha gaban naman shanu a jerin kayan da ƙasar ke sayarwa waje.

Kuɗin da ake gani

Kashi na farko na kuɗi yana fita ne a shekara biyun farko: kashe ciyawa, huɗa layuka, sayen dashe, taki, ƙwadago, shinge da hanyoyin tare gobara. Idan aka bar tazarar mita 3 tsakanin itace da itace ta kowane gefe, hekta ɗaya na cin dashe 1,111. A Urugwai akwai ƙarin kuɗin yaƙi da wata tururuwa mai yanke ganye, wadda ke iya tsige ƙaramin dashe ƙarƙaf. Dole kuma a hana dabbobi shiga har itacen ya fi ƙarfin taku da cizo.

Kashi na biyu yana zuwa ne a ƙarshe: sara da jigila. Gungume na da nauyi, farashinsa kuma bai taka kara ya karya ba, don haka nisan gandu daga masana'anta na iya cinye ribar duka. Shi ya sa a yarjejeniyar masana'anta ta uku gwamnati ta ɗauki nauyin gina layin dogo mai tsawon kilomita 273 zuwa tashar jiragen ruwa ta Montevideo. Wannan ma kuɗin katako ne, sai dai daga aljihun jama'a ya fito.

Kuɗin da ba a gani

Na farko shi ne jira. Turaren da za a yi takarda da shi yana ɗaukar kamar shekara 10 kafin a sare, wanda za a yanka katako kuwa yana kaiwa shekara 20 ko fiye. Mai shanu yana sayar da maruƙa kowace shekara, mai gandu kuma ba ya ganin kuɗi sai ranar sara. Wanda ya ranto kuɗin dashe daga banki da ruwan kashi 8 cikin 100, bashin zai ninka cikin kimanin shekara 9. Babban kamfani na iya jure wannan. Ƙaramin makiyayi ba ya iyawa, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa mafi yawan gandun ya taru a hannun manyan kamfanoni.

Na biyu shi ne ruwa. Dogon itace mai saurin girma yana shan ruwa fiye da ciyawa, kuma saiwarsa ta fi zurfi. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2005, wanda ya haɗa sakamako daga sassan duniya da dama, ya gano cewa dasa gandu a inda ciyawa ko ƙananan tsirrai suke ya rage ruwan rafuka da kimanin rabi, kuma kashi 13 cikin 100 na rafukan sun ƙafe ƙaf na aƙalla shekara guda. Ya kuma nuna cewa ƙasar kan ƙara tsami. Maƙwabcin da ke ƙasan rafi, wanda bai dasa komai ba, shi ma yana biyan wannan.

Na uku shi ne gobara. A ƙarshen 2021 da farkon 2022 wuta ta cinye fiye da hekta 30,000 a jihohin Paysandú da Río Negro, ciki har da ganduna masu yawa. Garke ana iya kore shi daga gaban wuta, itace kuwa yana nan inda aka dasa shi.

Na huɗu shi ne komawa baya. Turare yana sake tofowa daga kututture bayan an sare shi, tumɓuke kututturen kuma aiki ne mai tsada. Ciyawar asali, mai nau'o'i da yawa da suka saba da wurin, ba ta dawowa da sauri bayan an huɗe ta an rufe ta da inuwa shekara da shekaru.

Zaɓin da ke gaban mai fili

Mai fili na iya sayarwa gaba ɗaya: kuɗi a hannu nan take, amma ya rabu da ƙasa. Yana iya bai wa kamfani hayar wani ɓangare, kamfanin ya dasa, shi kuma ya karɓi haya ko kaso daga abin da aka sare. Wannan tsari ya yaɗu a Urugwai. Yana iya dasa wurin da ciyawa ba ta da kyau kaɗai, ya bar kwari da bakin rafi ga dabbobi. Yana kuma iya haɗa biyun, ya dasa itatuwa layi-layi da faffaɗar tazara a tsakani yadda rana za ta kai ga ciyawa. A nan katakon da hekta za ta bayar yana raguwa, amma kiwo bai tsaya ba, dabbobi kuma sun sami inuwa da kariya daga iska.

Muhawarar ba ta ƙare ba ko a can. A Disamba 2021 majalisar dokoki ta amince da wani ƙudiri na taƙaita dashe ga yankunan da aka ware tun farko, sai shugaban ƙasa na lokacin, Luis Lacalle Pou, ya hau kujerar na ƙi.

Abin da ya shafi Sahel

Akwai bambanci biyu da ya kamata mai karatu a Nijar ko Chadi ya riƙe. Urugwai na samun ruwan sama fiye da milimita 1,000 a shekara, yankin kiwo na Nijar kuwa galibi bai kai 300 ba, don haka itace ya fi jinkirin girma, batun ruwa kuma ya fi tsanani. Sannan filin kiwon Urugwai mallakar mutum ɗaya ne mai shinge, wanda ya zaɓi dashe shi ke ɗaukar asarar ciyawarsa. A Sahel hurumin kiwo na jama'a ne, kuma idan aka kewaye shi, mai asarar sau da yawa makiyayi ne da ba ya nan ranar da aka yanke shawara. Dokar kiwo ta Nijar ta 2010 ta amince da cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyaya, don haka toshe burtali ko hanyar mashaya ya saɓa mata.

Nijar ma tana da nata misalan samun itacen gini ba tare da an kori bisashe ba. A kwarin Majiya da ke jihar Tawa, tun daga 1975 aka dasa layukan dogon yaro don tare iska, aka tsare su daga dabbobi a shekarun farko, daga baya aka riƙa sassabe rassansu ana samun sandunan gini. A Maraɗi da Damagaram manoma sun raya tohon itatuwan da ke fitowa da kansu a gonaki, a faɗin da aka ƙiyasta ya kai hekta miliyan 5, kuma gawo da ke cikinsu yana ba dabbobi ganye da 'ya'ya da rani.

Kafin a sa hannu kan kowane shirin dashe a filin kiwo, akwai tambayoyin da ya dace a sami amsarsu a rubuce: shekara nawa za a rufe wurin, ina dabbobi za su ci a tsawon lokacin, wa ke da itacen ranar sara, wa zai saya kuma a wace tazara, wa zai biya idan wuta ta tashi ko rijiya ta ja baya, kuma wa zai gyara filin idan aikin ya tsaya.