Da daga waje ake zuwa mana, yanzu namu ke fita

'Yan uwa, iyayenmu sun san asibitocin mishan na Bambur da Takum, inda Turawan Amurka ke jinyar marasa lafiya, suna koya wa 'yan ƙasa aikin. Da aka yanke Taraba daga Gongola a 1991, Jalingo ta zama hedikwata, daga baya muka samu FMC da Asibitin Ƙwararru. Kwalejinmu tana yaye nas-nas da ungozomomi, riƙe su ne aiki. Sama da 15,000 suka bar Najeriya a 2023 kaɗai, in ji hukumarsu ta ƙasa, Ingila na kan gaba wajen kwasa. Wanda ya san albashinsu ba zai ga laifinsu ba. A 2024 hukumar ta gindaya sharaɗin aikin shekara biyu kafin tantance takardun mai son fita, suka fito zanga-zanga a Abuja da Legas.