Bayani a kan Alamar Abin da aka Bari a Rubutu

Ka sani, ya kai ɗalibi, ɗigo uku a jere (...) da kake gani a littattafan bugu baƙo ne a rubutunmu. Daga Turai ya fito, kuma Ahmad Zaki Basha na Masar ya shigar da shi cikin ƙa'idar rubutun Larabci a littafinsa na alamomi a 1912. A allo da Mushafin Warshu na tsangayunmu kuwa, ɗigo uku a dunƙule aya ce, kumsa ga ayoyi biyar, kuri ga goma. Alamomin ƙidayar ayoyi ne su, ba su nufin an zubar da kome.

Magabata suna da nasu hanyoyi. Idan malami ya kawo farkon aya, sai ya rubuta "al'aya", idan hadisi ne "alhadis", wani zance kuwa "ila ahirihi" a taƙaice, domin ya san mai karatu ya haddace saura. Idan nakaltowa ta ƙare, sai a sa "intaha". Idan marubuci ya yi tsallake, sai ya ja ɗan layi daga wurin, ya cike a gefe, ya rufe da "sahha". Idan asalin ne ya ɓace, sai a bar fili a ce "bayal". Alƙali Iyal mai Ashafa (ya rasu 544 Hijira) da Ibnus Salah (643) sun tsara ƙa'idar cike tsallake a littattafansu na ilmin hadisi. A kan wannan tafarki malaman Adar da Gobir suka kwafi littattafai, tun zamanin Malam Jibrilu ɗan Umar, malamin Shehu Usmanu.

Haɗarin yana nan: ɗigo ukun zamani ya haɗe waɗannan duka. Mai karatu ba ya gane ko mawallafi ne ya taƙaita, ko gara ce ta ci takarda, ko mai bugu ne ya yanke. Wanda ya tsaya a ayar azaba ga masallata cikin Suratul Ma'un, bai kawo ta gaba ba, ya juya ma'ana, kuma haka yanke ƙaidi daga fatawa yake ɗora wa malami abin da bai faɗa ba.

Saboda haka a wannan bugu mun bar alamomin mawallafi yadda suke. Ɗigo uku cikin baka yana nufin takarda ce ta lalace, ba mu yanke kome ba. Allah shi ne mafi sani.