Lokacin da Amurka Ta Rage wa Wutar Kwal Iska

Ranar 15 ga Nuwamba, 1990, Shugaba George H. W. Bush ya rattaba hannu a kan gyaran dokar tsabtar iska ta Amurka, bayan shekaru ana kokawa da ruwan sama mai asid da ya halaka kifaye a tafkunan tsaunukan Adirondack. Cikin abubuwan da dokar ta sa wa ido har da iskar naitirojin oksayid, wadda ke samuwa a tukunyar tururi ta tashar lantarki mai ƙona kwal idan wuta ta yi zafi ainun kuma iska ta wadata.

Ba a rushe tsofaffin tukwanen ba, bakunan wutarsu aka sauya. Sabon bakin yakan hana garin kwal isasshiyar iska a farkon kamawarsa, sai harshen wutar ya miƙe, zafinsa ya lafa. Daga nan a hura ragowar iskar ta wasu ƙofofi da aka huda can sama, domin ƙonuwar ta ƙarasa. A tashar Hammond ta jihar Jojiya, a kan tukunya mai megawat 500, aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen dabarar.

Waɗannan ƙofofin su suka haddasa rigima. A watan Maris na 1994 Hukumar Kare Muhalli ta saka su cikin ƙa'idojinta, kamfanonin lantarki suka garzaya kotu, kuma a Nuwamban shekarar kotun ɗaukaka ƙara da ke Washinton ta ce hukumar ta wuce gona da iri. Sai ranar 1 ga Janairu, 1996 aka fara aiki da ƙa'idar da aka gyara, shekara guda bayan wa'adin farko.

Hayaƙin ya ragu, amma ba a kyauta ba. Wutar da aka tauye wa iska takan bar kwal bai ƙone ba, toka ta fito baƙa, har masu haɗa kankare da suka saba saye suka riƙa juya mata baya. A tashoshin da ke ƙona kwal mai yawan farar wuta kuwa, bututun ruwan da ke jikin bangon tukunya suka fara zaizayewa.

Kuma ragin bai isa ba, domin iska na kwashe hayaƙin kwarin Ohayo zuwa biranen gabas. A 1998 hukumar ta umarci jihohi 22 da birnin Washinton su ƙara ragewa a lokacin zafi. Nan ne kamfanoni da dama suka rungumi hanyar da Japan ta fara tun shekarun 1970: a fesa amoniya cikin hayaƙin bayan ya bar tukunya, ya ratsa sinadarin da zai mayar da shi naitirojin da tururin ruwa. Gini ne mai tsada, kuma tashoshi da yawa daga Mayu zuwa Satumba kawai suke kunna shi a shekarun farko.