Ijiranaide, Nagatoro-san

Ijiranaide, Nagatoro-san labarin zane ne na Japan, irin wanda ake kira manga, mai haɗa soyayya da barkwanci. Nanashi ne ya rubuta shi kuma ya zana. Kamfanin Kodansha ya buga shi a manhajar Magazine Pocket daga Nuwamba 2017 zuwa Yuli 2024, kuma an tattara shi cikin littattafai 20.

Labarin ya shafi Nagatoro, ɗalibar sakandare da ta ga zanen wani ɗalibi mai kunya a ɗakin karatu, ta yi ta tsokanarsa har ya yi kuka. Sannu a hankali cin zalin ya koma zolaya, wadda take ɓoye son da take masa da ita, shi kuma ya samu ƙarfin gwiwa. An mayar da labarin katun a 2021 da 2023.